Motar da Ba Ta Ƙugi: Ƙarar Inji Haƙƙin Wane Ne?

Tun ranar da mota ta shigo ƙasar Hausa, ƙara da gudu tare aka san su. Direba da kunne yake sanin lokacin sauya giya, bakanike kuwa yakan tsaya gefen inji ya saurara, ya faɗi ciwon mota tun bai ɗauki sifana ba. To, ga shi zamani ya zo da motar lantarki, wadda ba ta shan fetur, ba ta da salansa, tana tashi sululu kamar kwalekwale a kan ruwa. Wannan ya raba masu sha'awar mota gida biyu, ya kuma ta da wata tambaya da ta fi mota girma, watau ƙarar da abin hawa ke yi, haƙƙin wane ne, na mai tuƙi ko na wanda ke jin ta daga waje?

Masu son motar lantarki suna da hujjojinsu. Injin fetur sai ya ɗauki juyi kafin ƙarfinsa ya cika, amma na lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga taɓawar farko, ba jira, ba sauyin giya. Batirinta, wanda shi ne mafi nauyin kayanta, a ƙarƙashin daɓen motar ake shimfiɗa shi, saboda haka takan kama ƙasa sosai a kwana. Bugu da ƙari, da ƙugin inji ya kau, sai direba ya fara jin abin da dā yake ɓoye masa, kamar sautin taya a kan kwalta da maganar wanda ke zaune kusa da shi. Gudun ma ba baƙo ba ne gare ta, domin motar da ta fara wuce kilomita 100 a awa ɗaya ta lantarki ce, a ƙasar Faransa cikin 1899. A 2014 kuma aka buɗe gasar tseren motocin lantarki ta duniya a birnin Beijin na ƙasar Sin.

Arewa ma ba a bar ta baya ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt a Amurka, motar da ke tafiya da lantarki tare da ƙaramin injin fetur na taimako. A lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, cikin 2021. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa, zancen abin hawa mara shan mai ya zama zancen aljihun talaka.

Ɗaya ɓangaren suka ce mota mara ƙugi kamar biki ne ba kiɗa. Kamfanoni suka ji wannan koke, suka mai da shi ciniki. Kamfanin BMW ya ɗauko Hans Zimmer, mai tsara kiɗan sinima, ya ƙirƙira wa motocinsa murya. A 2023 Hyundai ya fito da Ioniq 5 N, wadda ke kwaikwayon rurin injin fetur ta lasifika, har da girgizar sauyin giyar da babu ita. A 2024 Dodge ya fara sayar da Charger ta lantarki mai na'ura a bayanta, wadda ba ta da wani aiki sai yin ƙara.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Son ƙarar inji abubuwa biyu ne a gauraye. Na farko ilmi ne, domin ƙarar tana gaya wa direba halin da injinsa ke ciki. Na biyu son a sani ne, watau mutane su waiwayo su ga wanda ya wuce. Muddin inji na fetur ne, mutum na iya fakewa da na farko ya ɓoye na biyu, har ga kansa. Amma ƙarar da ke fita daga lasifika ba ta ba da labarin kome, don haka mafakar ta rushe. In a cikin mota kawai ake jin ta, to wasa ne, ba wanda aka cuta. In kuwa waje aka juya ta, an tilasta wa maƙwabci, da mara lafiya, da jariri mai barci su biya kuɗin nishaɗin da ba su saya ba.

Sai dai kada a ɗauka shirun ba shi da nasa laifi. Makaho da kunne yake tsallaka titi. Motar da ke tafiya a hankali ba ƙara tana iya isowa gabansa bai sani ba, domin sai gudu ya ƙaru sautin taya ke isa ya yi gargaɗi. Ƙungiyoyin makafi a Amurka suka matsa, har majalisar ƙasar ta zartar da doka a 2010 cewa dole irin waɗannan motoci su riƙa fid da wani sauti. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata a Yulin 2019, ta ce motar ta yi ƙara in tana ƙasa da kilomita 20 a awa ko tana ja da baya. Ke nan an komo da ƙarar, amma ba don daɗin mai mota ba, don ran wanda ke ƙasa.

In ana son a gane nauyin wannan magana, sai a kai ta 'Yargoje, cikin ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A wannan yanki, har zuwa Faskari da Sabuwa, ƙarar inji ta daɗe da barin zama abin sha'awa. A kan babura 'yan bindiga suka zo daren 11 ga Disamba 2020, suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka. A kan babura kuma aka faɗa wa 'Yargoje kanta daren wata Lahadi cikin Yunin 2024, aka kashe mutane da yawa. Wanda ya rayu cikin wannan hali, kunnensa ya zama mai gadinsa. Rugugin babura daga nesa cikin dare shi ne 'yan mintocin da uwa za ta samu ta goya ɗanta.

Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Saurayin da ya cire salansa don rakiyar amarya, yana murɗa totur a tsakiyar gari, a ganinsa murna yake yi, alhali kuwa yana ta da mikin da ke zukatan mutanen da suka taɓa jin wannan sauti a mummunan dare. Haka kuma wanda gobe zai shigo da mota ko babur na lantarki garin da hanya ɗaya ce ta yara, da tsofaffi, da jakuna, da awaki, ya sani ya cire gargaɗin da jama'a suka saba dogara da shi. Wajibi ne ya mayar da gurbinsa da rage gudu da buɗe ido. Hukumomi ma ya dace su tsara wannan tun kafin irin waɗannan ababen hawa su yawaita, domin rigakafi ya fi magani.

Malamai sun daɗe suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi, kuma daga cikinsa akwai kame cuta daga masu wucewa. A wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa ma an haɗa tsakaita tafiya da sassauta murya wuri ɗaya. Wannan ma'auni ya isa ya raba gardamar masu sha'awar mota. Ƙarar da ke tsare ran mai tafiya a ƙasa haƙƙinsa ce, ba a tauye masa ita. Ƙarar da ba ta da aiki sai nuna isa kuwa, cuta ce ko da inji ya yi ta ko lasifika. Gwanin tuƙi na gaskiya shi ne wanda, kafin ya tambayi abin da ke yi wa kunnensa daɗi, yakan tuna da makahon da ke bakin titi da kuma uwar da ke kasa kunne cikin dare. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar wa ƙasar Ƙanƙara da barci mai daɗi.