Takardar Malami a Akwatin Wani

A Isa da Sabon Birni mun san jingina. Mutum ya kan ba da gonarsa ya karɓi kuɗi, ran da ya biya gona ta komo. Amma ga wata iri da ta dame mu: malami ya tafi koyarwa wata ƙasa, mai makaranta ya ce sai ya bar ainihin takardar digirinsa a hannunsa. Bashin me malamin ya ci?

Kada mu yi saurin zargi. Mai makaranta yana da nasa tsoro, gama akwai takardun jabu, akwai kuma malamin da kan gudu ya bar yara gab da jarrabawa. Amma in jabu a ke tsoro, a duba, a tambayi jami'ar da ta bayar, a mayar masa. Riƙewa kuwa domin mutum ya kasa tashi ne, ko da an hana shi albashi.

Mu tuna da Janairu 1983, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa izini mako 2 su bar Nijeriya. Mutanen Gana da yawa suna koyarwa a makarantunmu lokacin nan. Baƙo bai san ran da za a ce ya tashi ba. In takardarsa tana kulle, da me zai nemi abinci a gida? Shari'ar Musa ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi iyali ke ci. Dutsen niƙa ma a kan sayi wani a kasuwa. Takardar digiri kuwa, jami'o'i da yawa ba su sake ba da ita in ta ɓace.