Wa ke yin sarki: takarda ko jama'a?

Ya kai mai karatu, ga tambayar da za ka kai wa abokan karatunka. In gwamnati ta sa hannu ta ce wane ne sarki, ita ta yi shi, ko shaida kawai ta bayar?

Dubi ƙasar Adar. Azna ake kira masu ƙasa, don kakanninsu suka sari daji. Agabba ya zo daga Agadas ya kafa sarautar Adar. Kel Geres suka yi ƙarfi wajen Madawa da Buza. Da Faransawa suka zo, sai suka yanka ƙasa kanto-kanto, suka ɗora wa sarakuna karɓar haraji da kamun mutane zuwa aikin dole. Iko ya yi ta sake hannu, amma talakawa ba su manta wanda ya sari gona ba, ko wanda ya gina rijiya.

A 1993 gwamnatin Nijar ta yi dokoki biyu. Dokar karkara ta ce gonar da al'ada ta tabbatar wa mutum, ƙarfinta ɗaya da gona mai takarda. Dokar sarauta kuwa ta ce magidanta su zaɓi mai gari, masu gari su zaɓi sarkin kanto, sarki ya riƙa yin sulhu kan gona da aure da gado. An sabunta ta a 2015. Ka ga ke nan gwamnati ta tarad da haƙƙin nan ne, ta shaida shi.

Amma a yi hattara. Sarki na karɓar kuɗi daga gwamnati, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Ran da umurnin sama ya saɓa da bukatar gari, ina zai fuskanta? Ita ma al'ada ba ta fi ƙarfin bincike ba. Tun daga 1984 mata ne suka fi ɗaukar duwatsu wajen raya hako a Keita, ga shi ba safai ake jin bakinsu ba ran rabon gona.

Saboda haka takarda shaida ce, tushen sarauta yardar jama'a. Jama'ar kuwa har da mata, da makiyayin da ke neman burtali. In an yi muku sulhu a fada, ka nemi a rubuta, ka karanta da idonka kafin ka sa hannu.