Mai Bi a Ƙofar Matsafa

Arewa da Djougou, tsohon zangon fataken goro a kan hanyar Gwanja, akwai ƙauyukan Taneka a jikin duwatsu kusa da Copargo. Kakannin mutanen wurin sun hau dutsen ne domin su tsira daga masu kamun bayi. Har yanzu akwai ɗakunansu na ƙasa da jinka, da wuraren hadaya, da dattawa masu kula da su. Baƙi sukan zo kallo daga nesa, amma Kirista na Parakou ko Partago yakan tsaya yana tambaya: ya halatta mai bi ya taka irin wannan wuri?

Waɗansu sun ce a'a, gama tsafi ba abin wasa ba ne. Tsoronsu yana da dalili, musamman ga wanda ya fito daga gidan tsafi, ya sha wahala kafin ya rabu da shi. Amma Manzo Bulus ya zaga Atina yana duban wuraren sujadarsu, har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagade. Ransa ya ɓaci da yawan gumaka, duk da haka bai zagi kowa ba. Da abin da idonsa ya gani ya buɗe wa'azinsa. Ashe kallo dabam, sujada dabam.

Ina iyakar take? Ana cewa in mutum ya je gari ya ga kowa da wutsiya, shi ma ya nemi tasa. Wannan karin magana ya yi daidai a kan ladabi: ya gai da dattawa, ya nemi izini kafin ya shiga, kada ya ɗauki hoto a ɓoye, kada ya yi dariya. Amma in aka ce ya kawo kaza domin hadaya, ko ya durƙusa wa abin da ake bauta wa, sai ya ƙi cikin tawali'u. A Japan an hana addinin Kirista a 1614, daga baya aka riƙa tilasta wa mutane su taka hoton Almasihu. Waɗanda suka ƙi sun san cewa abin da jiki ya aikata shaida ne a gaban mutane.

Akwai kuma lamirin ɗan'uwa, wanda Bulus ya yi wa Korintiyawa gargaɗi a kansa. In zuwan dattijon ikkilisiya zai sa sabon tuba ya zaci komawa matsafa ba laifi, gara dattijon ya haƙura da tafiyar.

Wanda kuwa ya tafi, ya tuna mutanen dutsen maƙwabtansa ne, kasuwa ɗaya suke ci a Djougou. Yadda ya tsaya a ƙofarsu, da ladabi ko da reni, shi za su tuna ranar da ya gayyace su sujada.