Sa hannun uba a takardar fasfo: iko ne ko amana?



Neman abinci ya warwatsa gidajenmu da yawa. Wani uban yana Legas ko Kumasi, wani ya haye Libiya shekara uku babu labari, wani kuma yana nan Madalla, amma aure ya mutu, gaisuwa ma ta mutu. Ana nan sai yaro ya buƙaci fasfo, don Umra ko jinya ko karatu. Tunda bai kai shekara 18 ba, Hukumar Shige da Fice za ta nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da wasiƙar amincewar iyaye. Idan jami'i ya ce sai ya ga ta uba, nan ake tsayawa cirko-cirko.

A nan ne 'yan cuwa-cuwa ke shigowa: "Hajiya, ai abin ba wuya, a sa hannu a madadinsa, ko a yi rantsuwa a kotu cewa ya rasu." To, ya halatta? Mai cewa e yana da abin faɗa. Uban da bai aiko ko kuɗin sabulu ba, da wane baki zai tsare wa yaro hanya? Kuma uwa alheri take nufi.

Amma fa kyakkyawar niyya ba ta wanke shaidar zur, wadda Manzon Allah (SAW) ya lissafa cikin manyan zunubai. Sannan wasiƙar nan katanga ce. Satar yara da safararsu ba tatsuniya ba ce, ita ta sa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Ƙofar da uwa ta gari ta ɓalle yau, ta nan ɓarawon yara zai bi gobe. Ƙarya kuma fure take, ba ta 'ya'ya: takardar da ta kashe uba da ransa za ta jira yaron a ranar rabon gado.

Sai mu juyo kan iyaye maza, don laifin ya fi yawa a wajenmu. A mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, walicci da ciyarwa kuma na uba. Malamanmu sun bambanta tafiyar ƙaura da ta ziyara ko fatauci. Idan uwa za ta ƙaura da yaro nisan baridi shida ko fiye, wajen mil 72, uba yana da ta cewa. Tafiyar je-ka-dawo kuwa ba ta zubar da renonta. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Kun ga ke nan, wanda ya riƙe sa hannu don ya rama abin da ya faru a zaman aure ya mai da amana makami, kuma ɗansa ya fara sara.

Walicci an ba uba ne don amfanin yaro. In ya ɓace, ko ya ƙi ba da dalili, alƙali ne ke tsayawa a madadinsa. Uwa ta je kotun Shari'a a nan Suleja da shaidunta, ta karɓi takardar riƙon yaro ta kai ofishin fasfo. In rasuwa ce ta gaskiya, takardar shaidar rasuwa za ta kai. Hanyar tana da jira da kashe kuɗin mota, amma babu fargaba a bayanta.

Ɗan'uwa mai shirin tafiya, kafin ka ɗaure kaya ka yi wa 'ya'yanka rajistar haihuwa, ka bar lambar da za a same ka da hoton katin shaidarka. Dattawan masallaci kuma su riƙa kiran uban da ya yi taurin kai tun magana ba ta kai gaban alƙali ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu fita haƙƙinsu. Juma'a mai albarka.