Mai Jego a Indiya da Tambayar da Ba a Yi Mata

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-13

Yau za mu ɗaga idanunmu zuwa ƙasar Indiya, mu tuna da matan da suka sauka a can cikin wannan mako.

A arewacin Indiya, mai jego kan zauna a ɗaka kwana arba'in ko kusa da haka. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa gidan iyayenta take komawa. Kowace safiya ana shafe ta da mai mai ɗumi, ita da jaririn, ana murza mata jiki. Ana soya garin alkama cikin man shanu, a haɗa da ƙaro da sukari, a ba ta don ta yi ƙarfi, nono kuma ya zo. Sunan wannan abinci panjiri. Duk wanda ya san wankan jego da kunun kanwa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Amma mace takan ƙoshi, zuciyarta na cikin duhu. A jihar Goa, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Vikram Patel da abokan aikinsa sun bi mata 270 tun suna da ciki har bayan haihuwa. Binciken ya fito a 2002: kashi 23 cikin 100 sun kamu da ciwon baƙin ciki na bayan haihuwa. Talauci da dukan miji suna cikin abin da ya ƙara nauyin, haka kuma haihuwar 'ya mace a gidan da aka ƙwallafa rai ga namiji. Son ɗa namiji ya kai har Indiya ta kafa doka a 1994, ta hana a duba ciki da na'ura a faɗi ko mace ce ko namiji. Ku dubi wannan yarinya. Ta sha naƙuda, ta rungume 'yarta, surukarta ta leƙa zane ta juya ba ta ce uffan ba. Za a kawo mata panjiri a kan lokaci, amma wa za ta gaya wa cewa ba ta barci ko da jaririyar ta yi barci?

Annabi Iliya ya san irin wannan duhu. Bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel ba, sai ga shi a jeji, ƙarƙashin itace, yana roƙon mutuwa. Babbar nasara ce ta gabaci faɗuwarsa, kamar yadda guɗar haihuwa take gabatar hawayen mai jego. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tsawata masa ba, bai ce bangaskiyarsa ta gaza ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Wannan kam mutanen Indiya sun iya. Sai dai Ubangiji bai tsaya nan ba. Bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, ya tambayi Iliya abin da ya kawo shi, ya kuma saurare shi har ya zazzage kukansa duka.

Mu da muka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki, nan ne mukan yi gaggawa. Mace ta ce ba ta jin ƙaunar jaririnta, nan take mu fara tsawata wa aljanu, ita kuwa ta koyi yin shiru. Kuka da saurin fushi a kwana na uku ko na huɗu abu ne da ke samun yawancin mata, don sinadaran jiki suna sauyawa da sauri bayan mahaifa ta fita, kuma yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ta daina cin abinci, tana ganin kanta ba ta da amfani, to ciwo ne, yana kuma da magani. In ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririn, ko ta rikice tana jin muryoyi, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira azumin ikilisiya. A Bengaluru, asibitin NIMHANS yana da sashen da ake kwantar da irin waɗannan mata tare da jariransu, ba a raba su. Ku ɗora mata hannu ku yi addu'a, ku kuma raka ta wurin likita.

In akwai mai jego kusa da ku, ku je. Ku karɓi jaririn ta yi barcin awa biyu. In ta farka, ku zauna, ku tambaye ta yadda zuciyarta take, ku jira amsa.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da masu jego na Indiya, musamman wadda aka juya wa baya don ta haifi mace. Ka ba ta barci yau da dare, ka aiko mata wanda zai saurare ta, cikin sunan Yesu. Amin.