Nasiha ga Muridai a kan Jinin Yara Ranar Ashura

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, wata rana cikin Muharram ina zaune rumfar wani muridi a Babbar Kasuwar Kaduna, sai ya nuna mini hoto cikin wayarsa: yaro na goye, an tsaga masa goshi da aska, jini ya ɓata farar rigarsa. Wannan al'ada ce ta wasu mutane a Nabaɗiyya ta ƙasar Lebanon da wasu garuruwan Indiya, don juyayin Sayyidina Husaini, wanda aka kashe a Karbala ran 10 ga Muharram, shekara ta 61 daga Hijira. Ya ce: Malam, ashe ba su fi mu son jikan Annabi ba, tun da sun ba da abin da suka fi so?

Na ce masa: son Ahlul Baiti wajibi ne, wanda ya rasa shi ya yi hasara. Amma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Ɗa amana ne a hannun ubansa. Kuma ibada ba ta inganta sai da niyya, jariri kuwa ba shi da niyya: uba ke neman lada, yaro ke ɗaukar zafi.

In wani ya ce: ai wanzami yana zub da jinin yaro ran kaciya, amsa ita ce kaciya sunna ce, kuma amfaninta ga yaron yake komawa. In ya kawo Annabi Ibrahim, to, shi da wahayi ya yi, ya shawarci ɗansa, kana Allah Ya fanshe shi da rago.

Ku tuna, a Karbala an harbi jaririn Husaini, Abdullahi, da kibiya yana hannun mahaifinsa. Waɗanda suka zub da jinin yaro a ranar nan azzalumai ne. Ƙaƙa masoyi zai kwaikwayi aikinsu? Malaman Shi'a da kansu sun yi hani: Sayyid Muhsin al-Amin ya wallafa risala a kai, Khamene'i ya haramta tsagar kai a 1994, har da yawa suka koma ba da jini a asibiti.

Amma laifi tudu ne. Da na koma gida sai na tuna wani almajirina da na taɓa duka da dorina har bayansa ya fashe, ina cewa don son Alƙur'ani ne. Wallahi fushina ne, na sa masa rigar addini. Ina neman gafarar Allah. Wanda ya zargi mai aska alhali dorinarsa da jini, ya fara da kansa.

Saboda haka, ran Ashura ku yi azumi, ku haɗa da Tasu'a. Ku yalwata wa iyali, ku sa maraya cikin cika-cikinku, ku shafa kansa da tausayi. Mai son zub da jini, ya yanka son zuciyarsa da zikiri da istigfari.

Allah Ya tashe mu tare da Hasan da Husaini. Allah ne Mafi sani. Tammat.