Farfesa Najmuddin Erbakan: Ƙera Inji Ma Ibada Ce



A makon nan, bayan sallar Asuba, wani ɗalibi ɗan aji uku a sashen injiniyanci ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, ina so in ajiye karatun nan in koma na addini. Gani nake ina ɓata rayuwata a kan ƙarafa." Na ce masa, zauna ɗana, ka ji labarin wani bawan Allah.

An haifi Najmuddin Erbakan a garin Sinop na ƙasar Turkiyya a 1926. Ya kammala Jami'ar Fasaha ta Istanbul a 1948, ya wuce Aachen a Jamus ya yi digirin digirgir, bincikensa a kan injinan dizal. Da ya so zama a can, da ya samu wuri. Sai ya dawo gida, domin abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne manomin ƙasarsa sai ya jira injin da aka ƙera a waje. A 1956 ya jagoranci kafa kamfanin Gümüş Motor, inda aka riƙa ƙera injinan dizal da manoma suka yi ban ruwa da su. A 1965 ya zama farfesa.

Daga baya ya shiga siyasa, ya zama firaminista a 1996. Shi ya kawo shawarar ƙungiyar D-8 ta ƙasashe takwas, har da Najeriya a ciki. Sojoji suka matsa masa lamba ya sauka a 1997. Siyasarsa akwai masu yabo, akwai masu suka. Ɗan Adam ne. Ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 2011, aka yi masa salla a masallacin Fatih.

Na ce wa yaron, ni Larabci da Shari'a na karanta, amma wallahi ko famfon alwalar masallacinmu ya lalace, sai na nemi irinka. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi da sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya: in kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ilimin sallarka da tauhidinka kuwa farali ne a kanka kai kanka, kuma ba sai ka bar jami'a za ka same shi ba. Zo darasi tsakanin Magariba da Isha'i, da safe ka koma ɗakin gwaji. Niyya kawai za ka gyara.

Iyaye, kar mu kashe wa irin waɗannan yara gwiwa. Duk gonar da ta sha ruwa da injin da Musulmi ya ƙera don Allah, muna fatan ladan na bin sa har kabari.

Allah Ya jiƙan Farfesa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.